Ka Auna Jirginka Kafin Ka Taya Kyamara

 Saƙonka ya iso, tare da hotunan jirgin ƙasan da ka ƙera da gwangwanin madara da langa-langa, ka sa masa injin da ka ciro daga tsohuwar rediyon kaset. Ka ce kana tara kuɗi ka sayi 'yar ƙaramar kyamara ka ɗora masa, yana tafiya tana ɗaukar bidiyo, mai kallo ya ga hanya kamar shi ne zaune a kujerar direba. Kana tambaya wacce za ka saya. Kada ka sayi kowacce tukuna. Ka fara neman rula da sikeli, domin jirgin nan naka shi zai faɗa maka kyamarar da zai iya ɗauka, ba mai shago ba, ba kuma rubutun da ke jikin kwali ba.

Bari in gaya maka abin da ya sa ban ɗauki aikin nan naka da wasa ba. Kai ɗan Malanbil ne, garin da jirgin ƙasa bai taɓa shiga ba. Faransawa sun fara shimfiɗa dogo daga Kwatano a farkon ƙarnin da ya wuce, ya iso Paraku a 1936, tsawon kilomita 438, nan ya tsaya cak. Daga Paraku zuwa Malanbil a bakin kogi, tafiyar da ta haura kilomita 300, manyan motoci ne suka gaji aikin har yau. A 1959 aka kafa hukumar jiragen ƙasa ta haɗin gwiwa tsakanin Dahomey (Benin ta yau) da Nijar, wadda daga baya aka sani da OCBN, da fatan wata rana dogo zai tsallaka kogi ya kai Yamai. Kakanninka sun jira, ba su gani ba. A 2016 aka ƙaddamar da layin da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, kilomita 143, aka ce saura ya biyo ta Gaya da Malanbil ya haɗe da Paraku. Ba a haɗe ba, shi kansa layin bai shiga aikin jigila ba. To yaron da ya tashi a irin wannan gari, bai taɓa jin kukan jirgi ba, amma ya zauna ya ƙera nasa da hannunsa, ya cancanci a zauna a ba shi shawara ta sosai. Duk wanda ya ce maka ka girmi motar kara, ka yi masa murmushi ka ci gaba da aikinka.

Ba kai ka fara wannan sha'awa ba. Tun a 1897 masu ɗaukar majigi a Amurka suka ɗaure kyamara a goshin jirgin ƙasa na gaske, jama'a suka riƙa biyan kuɗi don su ga dogo yana taho musu. A birnin Hambug na Jamus kuwa akwai wani gida da ake kira Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001, cike da ƙananan jirage. In aka haɗa tsawon dogon da ke cikinsa ya wuce kilomita 16, kuma magidanta ne ke aikin, da shi suke ci da iyalinsu. A 2016 kamfanin Google ya shiga da 'yan mitsi-mitsin kyamarori ya ɗauki wurin daga ƙasa, yadda ɗan mutum-mutumin da ke tsaye a tasha zai gan shi. Abin da kake nema ke nan, sai dai kai da kayan hannunka.

Yanzu ga awo. Akasarin bidiyon da za ka gani a YouTube na masu jiragen kanti ne, waɗanda ake ƙerawa bisa ma'auni sananne. Wanda ya fi yawa shi ne HO: komai an rage shi zuwa kashi 1 cikin 87, tazarar ƙarafan dogo milimita 16.5, faɗin tarago wajen santimita 3 da rabi. Akwai wanda ya fi shi ƙanƙanta, N, kashi 1 cikin 160, tazararsa milimita 9. Shawarar da suke bayarwa ta jirginsu ce. Naka, yadda na ga tafin hannunka a gefensa cikin hoto, zai kai santimita 6 a faɗi. Jirgin gaske faɗinsa ya kusa mita 3, ka ga naka kamar kashi 1 cikin 50 ke nan. Wannan sa'a ce a gare ka, don kana da fili fiye da su. Amma kada ka dogara da idona. Ka auna faɗin taragon, ka auna tsayi daga dogo zuwa ƙasan gadar da ka yi da kwali, ka auna faɗin bakin ramin da jirgin ke kutsawa, sannan ka duba kwanar da ta fi matsewa. A kwana goshin tarago yakan leƙo waje, duk abin da ke kansa ya leƙo tare da shi, nan ne kyamara ke karo da bango ko sandar fitila.

Sai nauyi, kuma a nan nake so ka fi natsuwa. Kyamarar GoPro da samari ke yabo tana da kyau, ba musu, amma faɗinta ya kai santimita 7, nauyinta wajen giram 150. Ta fi jirginka faɗi, mai yiwuwa ta fi taragon nauyi. Insta360 GO 2 ba ta kai giram 30 ba. Mobius, wadda masu ƙananan jiragen sama suka daɗe suna aiki da ita, tana wajen giram 40, faɗinta santimita 3 da rabi. RunCam Thumb ba ta wuce giram 10 ba, sai dai ba ta da batir a ciki, sai ka ba ta wuta mai ƙarfin bolt 5 daga waje. Sai 'yar ƙaramar nan mai kusurwa huɗu da ake kira SQ11, kowane gefe bai kai santimita 2 da rabi ba. Amma yawan giram ba shi ne kaɗai abin dubawa ba, har da inda nauyin ya zauna. Kai da kake bakin kogi ka fi ni sani. Lokacin da aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya a 2023, mutane suka koma tsallakawa da kwale-kwale, ka sha ganin yadda matuƙi ke jera buhuna a gindin jirgi, ya hana kowa miƙewa tsaye. Ba mugunta ba ce; kaya in suka yi sama, igiyar ruwa kaɗan ta isa ta kifar da jirgi. Haka taragonka yake a kwana. Kyamara ta zauna ƙasa-ƙasa, a tsakiya, tsakanin tayoyi, in ta kama ka liƙa noti biyu ko ɗan guntun dalma a ƙarƙashin taragon.

Ga abin da za ka yi kafin ka fitar da ko dala. Ka rubuta awon kyamarar da ranka ke so, ka yanka sabulu ko guntun katako daidai girmanta. Ka kai wa mai sayar da zinare ko mai magani ya ɗora maka a ɗan sikelinsa, ka ƙara kusoshi har nauyin ya yi daidai. In ba ka sami sikeli ba, sirinji ma ya isa: mililita guda na ruwa giram guda ne, sai ka ɗura a 'yar leda ka ƙulle. Ka ɗaura wannan a tarago da robar ɗaure kuɗi, ka saki jirgin ya yi ta zagaye. In ya wuce gada, ya shiga rami ya fito, ya sha kwana bai tuntsure ba, injin bai yi nishi a hawa ba, to kyamarar ta ci jarrabawa tun ba ka gan ta ba. In ya faɗi, asarar sabulu ka yi.

Abu na gaba shi ne wanda masu shago ba sa ambata, alhali shi ne ke raba bidiyo mai kyau da marar kyau. Waɗannan ƙananan kyamarori an daidaita idonsu ne don su ga nesa: mutum a kan babur, fili, sararin sama. Abin da ya matso kusa da su yakan yi dishi-dishi. GoPro ma sai abu ya yi nisan kamar santimita 30 take fitar da shi tsaf. To duniyar jirginka kuwa duk a cikin wannan tazara take. Dogon da ke gabansa, tashar da ka sassaƙa, rumfar 'yan albasa da ka yi da tsinken tsintsiya, duk suna tsakanin santimita 5 da 40. Za ka iya kashe kuɗi mai yawa ka dawo da bidiyon da bangon ɗaki ya fito tangaran, ƙafar gado ta fito tangaran, aikin da ka kwana kana yi kuwa ya zama hazo. Saboda haka tambayar farko da za ka yi ita ce: idon nan yana murɗuwa? A Mobius ana sassauta ɗan ƙaramin sukurun da ya riƙe idon a murɗa shi kaɗan waje, sai ganinta ya dawo kusa. Wasu an liƙe nasu da gam, sai mai gyaran waya ya taimaka maka a hankali. Ka aje ashana a tsaye a nisan santimita 20, ka murɗa, ka ɗauka, ka duba, ka sake, har rubutun kwalin ashanar ya karantu. Aikin haƙuri ne na yamma guda, amma ya fi duk wani ƙarin kuɗi amfani.

Tsayin idon ma ka kula da shi. Direban jirgin gaske idonsa yana kamar mita 3 daga dogo. A ma'auninka santimita 6 ke nan. In ka ɗora kyamarar a kan rufin jirgi ta haura haka sosai, mai kallo zai ji kamar tsuntsu ne shi, nan take ya gane gwangwani ne. In ta sauko daidai, tashar kwali sai ta zama gini. Ido mai faɗin gani ƙwarai kuma yana lanƙwasa gefen hoto, ya kwaso rufin kwano da igiyar shanya. In kyamarar tana da zaɓin rage faɗi, ka rage. In babu, ka kafa zanin gado mai launin shuɗi a bayan layin.

Maganar rubutun kwali gajeriya ce. Za ka ga an rubuta 4K ko 1080P da manyan baƙaƙe a jikin kyamarar da kuɗinta bai kai na cajar waya mai kyau ba. Akasarin masu arahar nan, har da yawancin irin SQ11, ƙaramin hoto suke ɗauka su buɗa shi, lambar ta cika amma tsabtar ba ta ƙaru ba. Araha ba ta ado. 1080 na gaskiya ya ishe ka, ya yi yawa ma ga wanda zai kalla a waya ta WhatsApp. Wanda ya fi muhimmanci shi ne yawan hotunan da take ɗauka a sakan guda. Mai 60 ta fi mai 30, domin za ka iya rage gudun bidiyon da rabi ya fito sumul. In cikin ɗaki za ka ɗauka da hasken lantarki, ka sa ta a 25 ko 50, saboda wutar ƙasashenmu sau 50 take bugawa a sakan, in ba su dace ba sai ka ga ratsin duhu yana yawo a hoton. Amma ka fi son hasken rana. Idon 'yar kyamara ƙarami ne, ba ya jure duhu. Hantsi a inuwar darbejiya, ko bayan la'asar, ya fi kowane ƙwan lantarki.

Akwai gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba: kyamara za ta tona asirin dogonka. Abin da idonka ke gani kamar tafiya lafiya lau, ita za ta nuna shi kamar girgizar ƙasa. Duk mahaɗar da ƙarfe biyu ba su daidaita ba, duk tayar murfin kwalba da ramin tsakiyarta ya karkace, sai sun bayyana. Dalili kuwa, ire-iren kyamarorin nan ba sa ɗaukar hoto gaba ɗaya lokaci guda. Layi-layi suke karantawa daga sama zuwa ƙasa, don haka in jiki na rawa sai sanduna su riƙa lanƙwashewa suna makyarkyata. Maganinsa ba a shago yake ba. Kada ka ɗora ta a kan jirgi mai injin, ka yi mata nata tarago marar rufi, kan jirgin ya riƙa tura shi daga baya. Ka shimfiɗa mata siririn soson katifa. Ka bi mahaɗan dogon ɗaya bayan ɗaya da yatsa, inda ka ji tudu ka goge. Sannan ka rage gudu. Jirgin da ke tafiyar kilomita 40 a awa yana cin mita 11 a sakan. Ka raba da 50, santimita 22 ke nan. Ka auna mita guda a layinka, jirgin ya ɗauki sakan huɗu zuwa biyar kafin ya cinye ta. Injin rediyon nan na san ya fi haka gudu, sai ka rage masa batir ko ka sa masa 'yar roba da faifai mai rage juyi. Duk abin da ka kashe a nan ya fi wanda za ka ƙara a kan kyamara albarka.

Katin memori kuma, ka yi hattara, jabunsa ya yi yawa a kasuwannin ko'ina. Za a rubuta 64 ko 128 a jikinsa, waya ma ta nuna haka, amma cikinsa ɗan kaɗan ne. In ya cika sai ya riƙa cinye na farko ba ka sani ba, ranar da ka zo kallo fayil ya ƙi buɗewa. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka cika shi da finafinai har baki, ka buɗe na farko, na tsakiya da na ƙarshe. Ka nemi mai alamar 10 a cikin da'ira. Na 32 na gaskiya zai ɗauki kamar awa huɗu na bidiyon 1080, kai kuwa minti uku kake buƙata. Batir shi ma ka san zafin Malanbil a watan Afirilu, lokacin da ake haura digiri 40. Kada ka bar kyamara a rana, kada ka kwana kana cajinta a kan katifa, in ka ga batirin ya kumbura ka rabu da shi. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Ka hure idon da baki ko ka share da tsumma mai laushi, ban da gefen riga, sannan ka adana ta a gwangwani mai murfi.

In za ka saya, ko a kasuwar Malanbil ne, ko wani zai taho maka da ita daga Kwatano ko daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, sharaɗi guda ne: a gwada. Ka tafi da katinka da kwalin ashanarka. Ka ɗauki minti biyu, ka ciro katin ka sa a waya ka gani da idonka. Ka bar ta tana ɗauka har minti goma ka ji ko ta yi zafin da za ta mutu. Mai kaya na ƙwarai ba ya jin haushin gwaji. Ka yi ciniki da ladabi, ka kira shi baba ko yaya yadda ya dace, amma kada kunya ta sa ka karɓi abin da ba ka gwada ba.

In ka ce lalle sai na zaɓa maka, to ga ra'ayina. Da aljihun ɗan makaranta, ka fara da mai arahar, kana sane da cewa hotonta matsakaici ne, ka koyi zaman kyamara da haske da gudu a kanta. In ta faɗi ta fashe zuciyarka ba za ta fashe ba. In hannunka ya faɗa, ka nemi irin Mobius ko da ta hannu ce, saboda idonta da ke murɗuwa. Tunda kuma na ga kana da sha'awar haɗa wayoyi, akwai wani ɗan allo da ake kira ESP32-CAM, faɗinsa bai kai santimita 3 ba, yana aika hoto kai tsaye zuwa waya ta waifai. Hotonsa ba na alfahari ba ne, amma za ka tuƙa jirginka kana kallon hanya a tafin hannunka, kuma a wajen haɗa shi za ka koyi abin da zai iya zame maka sana'a. GoPro ka bar wa masu babur.

Saura magana guda, kuma ta fi duk na baya nauyi a wurina. Waɗannan 'yan kyamarori da yawa don leƙen asiri ake tallar su, mutane kuma sun san haka. Ranar da ta shigo hannunka, amana ce ta shigo. Gidanku gidan mata ne. Jirgin da ke zagaye tsakar gida yana ɗaukar duk wanda ya gitta, da mai wanke-wanke, da wadda ta fito ba mayafi. Addininmu ya hana bin diddigin asirin mutane, tarbiyyar gidanku ma ta hana. Ka sanar kafin ka kunna. In aboki ya ce ka ara masa ita na dare ɗaya bai faɗi dalili ba, ka ce ni kawunka na hana. Sannan ka tuna inda kake zaune. Malanbil bakin iyaka ne, arewacin Benin kuwa shekarun nan jami'an tsaro a faɗake suke saboda hare-haren da ake kaiwa a yankin. Kada sha'awar samun kogi a bayan hotonka ta kai ka kusa da gada, ko ofishin duwan, ko shingen soja, ko mashigar kwale-kwale, da ɓoyayyiyar kyamara a aljihu. Kai ka san jirgin gwangwani ne ya kai ka, wanda zai tare ka bai sani ba, kuma bayanin yaro ba ya saurin shiga kunne a irin wannan wuri. In kogi kake so, ka zana shi a kwali, ka zana gadar, ka sa dogonka ya hau ta ya sauka Gaya.

In ka gama bidiyon farko, mahaifiyarka za ka fara nuna wa kafin ya hau Facebook ko TikTok. Abin da ta ce a cire, ka cire ba gardama. Bayan ita sai ka turo mini. Karatu kuma kada ya yi baya saboda jirgi. Allah ya yi maka albarka, ya sa wa hannunka albarka.